Kuɓewar da Jikata Ta Zana

Ni ba ni da hoton yarinta. A Jiwa, lokacin da muke yara, ba mai ɗaukar hoto. Jikata mai koyon zane ta ce za ta zana ni ina 'yar shekara takwas, a rataye a falon babanta. Na ce to, amma a zana gaskiya, don waɗanda za a haifa bayan na mutu shi za su kalla su ce ga kakarsu.

Na rubuta mata abin da ke bayan gidanmu da hannuna, tunda yanzu na iya riƙe biro: kabewa, yalo, rama, barkono, kuɓewa. Takalmi ne ba mu da shi, amma miya ba ta taɓa yanke mana ba. Kowace safiya Inna za ta miƙo mini ƙwarya in je in tsinko.

Bayan sati uku ta kawo zanen. Yarinyar ta yi kyau, har ta fi ni. Sai na duba ƙwaryar. Kuɓewa ce zabga-zabga, kowace kamar ƙahon rago.

Na ce, "Ke, wannan fa?"

"Kaka, so nake a ga kuna da wadata."

"Wadatar gidanku! Wannan ai ta ƙosa, wuƙa ma ba ta shigarta. Ta iri ce, a jikin kara ake barinta ta bushe. Duk macen da ta san gona ta ga wannan, cewa za ta yi gidan ragwaye ne, ko yunwa ta sa su cin iri. Da na kai wa Inna irinta, da muciya za ta bi ni."

Ta yi dariya. "Tsohuwar nan da mita! Wa zai lura?"

"Ni."

Ranar kasuwar Karshi na sa babanta ya kai mu a mota. Gaban mai kuɓewa na ba ta ƙarama, na ce karya bakinta. Ta yi ƙas. Na ba ta babba, ta lanƙwashe ta ƙi karyewa. Mai kayan ta harare mu, dole muka saya.

Da muka dawo gida, jikata ta shafe ta sake zanawa, ƙanana kamar yatsa, ƙwarya cike har suna zubowa.

Maƙwabciyarmu 'yar Filato, ma'aikaciyar asibiti, ta shigo gaisuwa. Ta daɗe tsaye gaban zanen.

Ta ce, "Mama, gidan yarinyan nan sun sha miya mai kyau fa."

Na ce, "Kullum."