Sallamar da Na Amsa a Kan Dutse

Muna kan dutse muna jiran fitowar rana, mu 'yan kamfanin fata na Challawa da muka je yawon buɗe ido, sai na ji sallamar wata tsohuwa daga garin da ke kwari. Na amsa, har da wabarakatuhu.

Jagoranmu ya damƙe hannuna. "Malam, a nan ba a amsa sallama sai rana ta fito."

Na ce, "Haba, tsohuwa ta yi sallama a share ta?"

Ya nuna min ƙasa. Da haske ya fito, ashe garin kufai ne, ko kaza babu.

Tun da na dawo, kullum da asuba a ƙofar kamfani sai na ji sallamar nan a bayana.

Jama'a, in amsa ko in yi shiru?