Heluma Ilyasu da Zoben Ƙerana

Kafin tifofin yashi su fara rugugi a kan hanya, Heluma Ilyasu ya dawo daga masallaci ya laluba makullinsa. Guda ɗaya ne, ɗaure da jan tsumma don kada ya ɓace masa a aljihu. Da shi yake buɗe tsohon ɗakin awon kamfani, wanda yau ake kira Gidan Tarihin Tungar Kuza. Zai share, ya yayyafa ruwa, ya shafa wa diga da shebur baƙin mai, ya goge fitilun rami ɗaya bayan ɗaya, ya kife kwanukan sarki na ɗibar ƙasa a jere. Shekara ashirin da biyu ke nan yana haka, kuma ba wanda ya sa shi.

Tungar Kuza tana gaba da Uke kaɗan, in ka bar kwalta. Kuza ce ta kafa ta, kuzar ta ƙare, kamfani ya tattara ya tafi. Ilyasu ya shiga rami yana ɗan sha bakwai, ya fito yana heluma, wato shugaban leburori. Da ya ga ana sayar da kayan aikinsu ga 'yan gwangwan, sai ya bi gida-gida yana roƙo, shi da amininsa Malam Bartholomew, tsohon hedimasta. Su suka kafa Ƙungiyar Tarihi. Mutum bakwai ne a ciki, autansu ya haura sittin.

Kullum da hantsi Malam Bartholomew zai leƙo da jaridarsa a hammata.

"Heluma, yau baƙi nawa muka yi?"

"Uku."

"A'a, an ci gaba! Su wa da wa?"

"Akuya biyu, sai kai, Bato."

Haka suke tun suna samari. Mu kuwa da muka zo daga baya, ba ma ko cikin baƙin. Tun da mulkin farar hula ya zauna Abuja take kumbura, haya ta kore mu daga Karmo da kewaye, muka zo muka sayi filaye. Mazanmu su yi sammakon motar Utako, mu mu wuni da yara. Gidan Tarihi a wurinmu ɗakin tarkace ne. In yaro ya nufi can ma, kira muke: "Dawo, kada ƙarfe ya yanke ka!"

Bara, gab da damina, iyayen yara suka haɗa kai za a ƙara aji biyu a makarantar unguwa. Filin da aka ba mu mai kyau ne, sai dai akwai ƙerana a tsakiyarsa, wannan tsiro mai ƙaya da farin ruwa. Duk uwa ta san abin da ruwan ƙerana ke yi wa idon yaro. Mu da bakinmu muka ce wa ɗan kwangila Manniru ya fara sare ta kafin komai. Ya sa leburori suka sare, muka yi masa godiya.

Washegari Heluma yana wucewa za shi gaisuwar mara lafiya, sai ya hango kututture suna tsiyayar da farin ruwa. Ya tsaya. Ya ƙirga da sandarsa: bakwai, kuma a kewaye suke, ba a layi ba. Yara wajen ashirin suna tsalle a gefe, tifa kuma tana ja da baya da lodin dutse, ta doshi wurin.

Waɗanda suka gani sun ce ba su taɓa sanin tsohon yana da sauran gudu ba. Ya kora yaran da sanda, ya je ya tsaya a bayan tifar ya ɗaga hannu biyu.

Manniru ya diro daga kan bulo. "Baba, lafiya? Matsa mana, oga zai zo duba aiki yau!"

"Ɗana, ogan naka ya iya iyo?"

"Iyo kuma? A tsandauri?"

"Ƙarƙashin nan loto ne, ramin kuza mai zurfin gaba goma sha biyu, ruwa kwance a ƙasansa. In muka gama da rami, azara muke jerawa a bakinsa, mu rufe da ƙasa, mu dasa ƙerana bakwai a kewaye don yaro da dabba su kauce. Ƙeranar shinge a miƙe take tafiya. In ka ga zobe, rami ne. Azarar nan ta girmi babanka."

Kafin a jima mata sun cika wurin, kuma gaskiya ba bayansa muka goya ba. Maman Khairat, shugabar iyaye mata, ta gyara goyonta ta ce, "Haba Baba! Yaranmu a ƙarƙashin bishiya suke karatu, ruwa ya kusa sauka. Don Allah a bar mu da labarin da."

Bai yi fushi ba. Ya san fushi ba zai tsayar da tifa gobe ba, in ba ya nan. Ya ce a ba shi minti goma. Ya koma Gidan Tarihi ya sauko da abin da ya fi so a ɗakin: doguwar sandar ƙarfe ta gwajin ƙasa, wadda helumansa ya miƙa masa ranar da aka naɗa shi. Aka shimfiɗa katako biyu, aka ɗaura masa igiya a ƙugu, Manniru da leburori huɗu suka riƙe.

Malam Bartholomew yana gefe yana haki. "Heluma, in ka faɗa, wa zai share ɗakin?"

"Akuyoyin nan sun fi ka zuwa, su sai su share."

Ya yi bisimilla ya caka sandar a tsakiyar zoben. Ya sake cakawa. A ta uku ƙasa ta yi wani ɓurum, sandar ta zame daga hannunsa ta shige gaba ɗaya. Sai can, can ƙasa, muka ji cuɓul.

Maman Khairat ta zauna daɓas. Daidai nan aka ja layin ajin 'yan shekara huɗu. Kowace uwa ta damƙe hannun ɗanta har yara suka fara kuka. Manniru ya cire hular kwano yana ta salati. Shi kuwa Heluma, da aka janyo shi, leƙen ramin yake yana cewa, "Kai, sandata! Shekara hamsin ban taɓa ba da aronta ba."

Heluma, kai ne ka tsaya tsakanin tifa da 'ya'yanmu ranar da mu iyayensu muke yi maka tsawa. Kai ne ka bi mu lungu-lungu bayan nan, da ciwon gwiwarka, ka nuna mana zobe goma sha ɗaya, biyu a bayan gidajenmu, inda muke shanya. Ba ka taɓa ce mana "ai na faɗa" ba. Uban leburori, mai fitar da mutanensa a ƙirge! An ce a zamaninka ba ka hawa sama sai na ƙarshe ya hau, ashe har yau ba ka bar aikin ba.

An cike wancan ramin, an gina ajin a wani gefe. Sauran zoben mun sake dasa musu ƙerana da hannunmu, muka kewaye da waya saboda idon yara. Yanzu ba mai haƙa harsashi a Tungar Kuza sai ya biya ta Gidan Tarihi. Ƙungiyar mutum bakwai ta zama ta arba'in da ɗaya, yawancinmu da goyo.

Asabar mai zuwa Heluma zai miƙa makullin nan mai jan tsumma ga Maman Khairat, don idonsa ya fara rauni. Baba, mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara lafiya, ya sa ka ga 'ya'yan waɗannan yaran. Ku kuma da kuke sayen filaye a garuruwan mutane, kafin ku sare wani abu, ku nemi tsohon da ya san wanda ya dasa shi. In garinku akwai irin wannan ɗakin, ku je, ku kai yara, ku ɗauki tsintsiya.

In kun zo namu, ku duba bangon gabas. Za ku ga ƙusa biyu ba komai a kansu. Manniru ya ƙero sabuwar sanda ya kawo, Heluma ya ce a jingine ta a ƙofa don aiki, amma a bar ƙusoshin yadda suke. A ƙasansu Malam Bartholomew ya rubuta da kyakkyawan hannunsa na hedimasta: "Sandar Heluma Ilyasu. Ita ta shiga, yara ba su shiga ba."