Mai Riƙe da Igiya

Yayana Falalu ya shekara arba'in da 'yan kai yana rubuta sunayen mutane a Gyaɗi-Gyaɗi. Mai fenti ne. Kafin injinan buga alluna su zo su kashe sana'ar, duk shagon da ka gani daga bakin titin Gidan Zoo zuwa cikin unguwa, da wuya ba hannunsa ba ne a goshin shagon: tela, mai shayi, mai kemis, mai gyaran rediyo. Da adaidaita sahu suka cika gari sai ya koma bayansu, yana rubuta wa direbobi sunayen iyayensu mata da na 'ya'yansu, ya ƙara musu da fure ko tauraro. Ni Zahra'u ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma na ga ranar da ya rubuta sunan mutumin da ya zage shi da safe, har ya ƙawata masa shi da ruwan gwal. Suna ɗaya ne ban taɓa ganin ya ɗora wa buroshi ba, ban kuma taɓa jin sa a bakinsa ba: na ɗansa na fari, Abdulmalik.

Mu mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Sumaila, kuma Yaya ya taho birni da kunyar ɗan fari cikakkiya, bai bar ko ɗigo a gida ba. Ba ya kiran sunan, ba ya ɗaukar yaron, ba ya yabonsa. In zai kira shi sai ya ce "kai", in yana maganarsa sai ya ce "yaron nan". Abin da bai lura da shi ba, ni ma sai daga baya na lura, shi ne a ƙauye ɗan fari na kakanni ne. Uba ya kau da kai, kaka ta goya, baffa ya kai shi kasuwa, yaro ya tashi ya san ana son sa. A ɗakin haya na Gyaɗi-Gyaɗi babu kaka, babu baffa, ni kuma ina can Daurawa ina fama da nawa gidan. Matarsa Uwani, Allah ya jiƙanta, ita ma ba ta kiran sunan, amma ta iya ɓoye tsokar nama a ƙarƙashin tuwonsa. Yaya ko wannan dabarar ba shi da ita.

Sai ga Sani ya zo, ɗa na biyu, wanda babu kunya a kansa. Sani a wuya, Sani a kan keke, "Sani zo ka riƙe mini gwangwani." Abdulmalik kuwa ya ɗauko na ɗaya a aji ya kawo takardar, uban ya duba ya ce "to", ya tura ta ƙarƙashin tabarma. Da yamma sai ka ga Yaya a gidana, ya zauna ya gama kame-kame, sannan ya ce, "An ce wai yaron nan ya ɗan yi ƙoƙari," kamar ɗan maƙwabta yake nufi. Ni nake ganin yadda gemunsa ke rawa don daɗi. Wanda ya kamata ya gani bai taɓa gani ba.

Yaron nan ya girma ya zama injiniya, ya gina gida a Tarauni. Daga can zuwa wurin ubansa ko shayi ba zai huce ba, amma sai ranar Juma'a yake zuwa, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ajiye ledar cefane, ya duba agogo. Bai taɓa yi masa rashin ladabi ba, da ma ya yi, ko a samu abin da za a yi faɗa a kai a shirya. Sau ɗaya ya taɓa ce mini, "Goggo, Baba ɗa ɗaya gare shi, ni amana aka ba shi." Na yi masa faɗa, na ce al'ada ce. Ya ce ya sani, ya karanta a littafi.

Da aka haifi 'yarsa Nana, duk abin da Yaya ya danne shekara talatin sai ya ɓalle a kanta. Jika ai babu kunya. Yana ce mata Amarya, tana ce masa ta sake shi tunda ba shi da haƙora. Na sha ganin tsohon nan a durƙushe yana yi mata doki a tsakar gida, Abdulmalik yana tsaye a bakin ƙofa da makullin mota a hannu, yana kallon abin da bai san ubansa ya iya ba.

Nana tana shekara bakwai ta fara zuwa da littattafan makarantarsu, na Turanci masu hotuna, yara sanye da hular ƙarfe suna yawo a tsakanin taurari. Wata Juma'a ta buɗe masa ɗaya a cinya ta ce, "Kaka, me ya sa babu 'yan Kano a sama?"

Ya juya shafukan da yatsansa mai tabon fenti, ya ce, "Ba a samu mai zana su ba ne, Amarya."

A makon ne Abdulmalik ya sanar cewa ya samu aiki a ƙasar waje, nan da wata uku zai tafi da iyalinsa. Yaya ya ce, "To, Allah ya sa alheri." Washegari ya buɗe tsohon shagonsa da ya shekara shida a rufe.

Kwali ya samo mai kauri, ya yanka shi shafi goma sha shida, ya tattaro ragowar fentin da bai bushe ba. Labarin da ya tsara na Kano ce bayan shekara ɗari. Gidaje sun hau kan juna har sun taɓo gajimare, adaidaita sahu suna tashi sama suna rigimar hanya kamar yadda suka saba a ƙasa, ga ɗan sandan ƙarfe yana busa usur ba mai kula shi. Amma ruwan sama ya ɓace, shekara bakwai ba a ga ɗigo ba. Sai wata yarinya Nana da kakanta suka hau adaidaita suka tafi nemo shi a bayan wata. Baffa Sani ne ya ƙera musu motar. Marigayiya Uwani tana kan wani tauraro tana yi musu ɗanwake. Har ni ya saka, Goggo Zahra'u, mai gadin ƙofar sama, da bakin da ya fi fuskar girma, kuma ban yafe masa wannan ba. Kyanwata Dela ma tana ciki da sunanta.

A kowane shafi akwai igiya ɗaure a bayan adaidaitar, ta sauko tana lanƙwasa ta ratsa gajimare har ƙasa. A kusurwar ƙasa wani mutum yana tsaye ya ba mu baya, ya naɗe igiyar a hannu biyu, ƙafafunsa sun kafe. Ko daga ƙeya na gane shi, don ga kunnuwan gidanmu nan a tsaye.

Na ce, "Yaya, wannan mai juya mana ƙeya fa?"

"Mai riƙe da igiya ne."

"Ba shi da suna?"

"In ya saki, sun ɓace ke nan, ba su ba gida."

"Na ji. Sunansa nake tambaya."

Ya tsoma buroshi a kananzir yana ta wankewa kamar bai ji ba. Na ce masa zamani ya wuce wannan, yaron nan zai hau jirgi, kuma mu biyun babu wanda ya san zai ga dawowarsa. Na ce ya rubuta ko sau ɗaya, ko a bango. Ya ce, "Zahra'u, ke kin cika surutu. Mai ido zai gani." Wata ukun nan idanunsa kullum suna ruwa, sun yi ja, muka ce tsufa ne da warin fenti. Ya kai wa mai gyaran takalmi ya ɗinke masa shafukan da zare mai kauri.

Ranar sallama Juma'a ce, bayan an sauko daga masallaci. Muka je Tarauni ni da shi. Falo cike da akwatuna, ga sikeli a tsakiya ana ta ɗorawa ana saukewa. Yaya ya zauna a ƙasa ya ƙi kujera, ya ciro littafin daga cikin babbar riga ya miƙa wa Nana. Ta yi ihu, ta kwanta rub da ciki tana haɗa baƙi da ƙyar, don Hausarta ta baki ce. Ta yi dariyar bakina, ta sumbaci hoton kakarta. Uban yana tsaye a kanta yana leƙawa, ina kallon idonsa yana bin shafi yana neman wani abu.

A shafi na tara ta ɗora yatsa a kusurwa. "Kaka, wane ne wannan? Kullum yana nan, kuma ba shi da fuska."

Na rantse na ga leɓen Yaya ya motsa. Kalma ɗaya ce, yaran unguwa ma suna faɗar ta a kan titi. Ya dubi sirikarsa uwar Nana, ya dubi Sani da ya zo sallama, ya sunkuyar da kai yana murza bakin rigarsa, ya ce, "Wani ne."

Na buɗe baki zan yi magana, Yaya ya yi mini wani kallo irin na tun muna yara, ni kuma, da duk bakin nan nawa, na yi shiru. Wannan shirun yana cikin abin da zan amsa.

Abdulmalik ya karɓi littafin ya juya shi daga farko har ƙarshe, a hankali. Ya yi murmushi ya ce, "Ya yi kyau, Baba. Har kyanwar Goggo tana da suna." Sannan ya ɗora shi a kan sikeli ya duba, ya ce kwali ne, yana da nauyi, kaya sun riga sun wuce ƙa'ida. "Goggo, ki ajiye mata, in mun zo hutu ta karanta." Nana ta yi ta birgima tana kuka. Na san maganar nauyin nan ƙarya ce, don da idona na ga an cusa tukunyar ƙarfe a akwati.

Yaya ya ce, "To." Ya tashi ya nemi takalmansa. A adaidaitar da ta mayar da mu, da muka zo wani tsohon shagon tela, sai ya nuna mini allon ya ce fentin da ma ba mai kyau ba ne, shi ya sa ya koɗe.

Haushin su biyun na ji, har yau kuma ina ji. Ɗaya ya kasa buɗe baki, ɗaya ya kasa buɗe ido, kuma kansu iri ɗaya ne, taurin gidanmu.

Wata goma sha huɗu bayan nan Yaya ya rasu, zazzaɓin kwana uku, bayan la'asar. Abdulmalik bai samu jana'iza ba, ya kira ya yi gaisuwa yadda ya kamata. Da muka zo kwashe shagon, a cikin gwangwanin madara na tsinci wani ɗan gilashi mai ƙara girman abu irin na masu gyaran agogo, da buroshi da aka aske har saura gashi uku. Na yi mamakin abin da mai rubutun allo zai yi da su, mutumin da harafinsa ɗaya ya kai tafin hannu. Na jefa su a jaka.

Sai bayan sadakar arba'in na ɗauko littafin, na zauna a tsakar gida da hantsi ina kallo ina kuka. Ban san abin da ya sa na kanga gilashin a kan igiyar ba. Ashe ba layi ba ce. Rubutu ne ƙanana kamar ƙwayar gero, harafi na riƙe da harafi: Abdulmalik, Abdulmalik, Abdulmalik, daga hannun mutumin har bayan wata. Na buɗe shafi na gaba, haka. Duka goma sha shidan haka, babu inda hannunsa ya karkace. Abin da ya cinye masa ido ke nan.

Na ɗauki hoto da waya na tura wa Abdulmalik. Ya amsa da cewa, "Na gani, Goggo." Na kira shi ta bidiyo, na manna wayar a kan kwalin, na sa gilashin a tsakani, ina ta juyawa. Hoton ya yi ta dushewa.

"Goggo, igiya nake gani."

"Sunanka ne, don ubanka! Sunanka ne tun daga ƙasa har sama!"

Ya ce a hankali, "Ke dai kullum kina kare shi. Ya rasu, mun yafe wa juna. Ba sai an ƙirƙira masa abin da bai faɗa ba."

Na ce zan ba wani mai tafiya ya kai masa. Ya ce kar in wahalar da mutane, in ajiye, suna nan zuwa. Shekara uku ke nan suna nan zuwa. Nana in an ba ta waya da Turanci take gaishe ni, ta kuma manta wace ce Dela. Sani ya ga rubutun, amma shaidar Sani a wurin yayansa ba ta da nauyi, shi ne ɗan da ake kira da suna.

Littafin yana cikin akwatina, a naɗe cikin zanen Uwani. Duk Juma'a nakan fito da shi rana in duba, don in tabbatar ba mafarki na yi ba. Likita ya ce yanar ido ce ta fara rufe mini gani, ta dama ta riga ta gama. Juma'ar da ta wuce na kanga gilashin na daɗe ina nema, na goge shi da bakin mayafi na sake kangawa. Ni ma igiya na fara gani.