Itacen Wankan Jego

Mijina na farko ma'aikacin gwamnati ne, irin waɗanda ke fita da safe takalmi na ƙyalli, su dawo la'asar da labarin an ɗauke wuta a ofis. A Gwallameji muke zaune, a gidan da ya gina da ƙyar, ɗaki uku da falo, katanga ko filasta babu. Ɗaki na ukun tun ana aza bulo ake kiransa ɗakin yara. Muka shekara tara babu yaron, sai muka zuba tsofaffin akwatuna da tabarmi a ciki muka ja ƙofa.

Sana'ar ta shigo mana gida ta hannun wani ɗan kudu mai shagon gwanjo a wajen Wunti. Cikin dilar kayan wasan yara da yake kwancewa, jefi-jefi akan tsinci kwali sabo fil, ba a taɓa ɓare shi ba, cike da ƙananan bulon roba masu maƙale juna, waɗanda ake bin hoto a gina jirgi ko gida ko motar kashe gobara da su. Mai shagon yana sayar da su kamar sauran tarkace. Mijina, da ba shi da aiki a ofis sai latsa waya, shi ya gano akwai ƙarti masu gemu a Legas da Abuja da ke neman waɗannan kwalaye ido rufe, musamman irin da aka daina yi. Ba 'ya'yansu suke saya wa ba, jerawa suke yi su yi ta kallo. Sharaɗinsu ɗaya, kada a buɗe. Kwalin da aka ɓare bakinsa, ko kusurwarsa ta lotse, darajarsa ta zube ke nan.

Ya fara da na shagon ɗan kudu, daga baya ya koma yin oda ta intanet. Ya saya, ya ajiye, ya jira farashi ya hau, sannan ya shimfiɗa farin zanen gadona ya ɗauki hoto ya ɗora. In an saya ya kai tasha a ba direba. Ba zan ci amanar gaskiya ba, riba ta zo. An yi wa katanga filasta, an sa sola. Kwalaye suka cika ɗakin yara har bakin taga, ya yi musu katako a ƙasa saboda gara, ya sa musu fanka saboda zafi. Ni da nake kwana da ciwon mara ban taɓa samun rabin wannan jinya ba.

Abu ɗaya ya ja mini kunne a kai, kada kowa ya ji. Abokan aikinsa za su mai da shi abin dariya, babban mutum da sayar da kayan wasa. 'Yan uwansa kuma da zarar sun ji ƙanshin kuɗi za su yi layi a ƙofa. Na ce to.

Ƙanwarsa ce ta fara gani. Ta zo wuni daga Zungur, inda mahaifiyarsu take, ta buɗe ɗakin tana neman dadduma. Ta tsaya jim, ta ja ƙofar a hankali, ta dawo falo tana murmushi. Da na tashi zan ɗauki bokiti ta yi wuf ta karɓe, ta ce in zauna, ai ba ta zo don ta kalle ni ina aiki ba. A lokacin magungunan asibiti sun sa na yi ƙiba, fuskata ta cika, ga hijabi har ƙasa in zan fita. Ita kuwa ta haɗa lissafinta ta koma gida da shi. Ɗakin yara cike da kayan wasa, a gidan da aka shekara tara ana jira, me kuma ya rage a faɗa?

Wanda bai san mu ba zai ce me ya hana in ƙaryata. To, me zan ƙaryata? A wurinmu ba a tambayar ciki, mai shi ma ba ta shelarsa. Babu wanda ya furta kalmar. Sai dai sannu da ta yi yawa, da saƙo da ya fara zuwa daga Zungur, yau tsamiya, gobe zogale, jibi man shanu a kwalba. Surukata, wadda a da in na kira ta a waya amsarta ba ta wuce lafiya lau, ta koma tambayar yaya ƙarfin jiki, tana cewa in rage hawa Keke. In na ce ai lafiyata ƙalau, sai ta yi dariya ta ce haka ake so. Mijina kuma ɗanta na fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta zaunar da shi ta tambaye shi irin wannan magana.

Maganar ta zagaya unguwa. A wani suna da aka yi a layinmu aka ba ni kujera mai taushi, aka zubo mini naman da ya fi na kowa, matan da suka saba yin shiru in na shigo suna ta yi mini tsiya wai saura ni. Na ci naman nan kamar ina tauna tsumma. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, tunda na yi aure ba a taɓa yi mini kirki haka ba, kuma na san ba ni ake yi wa ba.

Na same shi yana goge kwalayensa da ƙyalle, na ce ya dubi girman Allah ya gaya wa mahaifiyarsa gaskiya, ko ya bar ni in gaya wa ƙanwarsa. Bai ɗago ba.

"Ke kika ce musu kina da wani abu?"

Na ce a'a.

"To ki bar su. In sun ga shiru za su gaji."

Na yi kuka, na yi faɗa, na daina dafa masa abinci, duk a banza. Daga baya na gane abin daɗi yake yi masa. A majalisarsu an daina kallonsa da tausayi, har ana ce masa angon ƙarni tun kafin lokaci, shi kuma ya yi murmushi ya sosa ƙeya. Ga asirin kasuwarsa a rufe. Ni kaɗai ke ƙirga watanni tare da mutanen Zungur, na kuma san ranar da lissafinsu zai cika tana tafe.

Ranar ta zo wata Asabar da hantsi. Na ji tsayuwar mota, na fito tsakar gida da rigar zaman gida, ko mayafi babu. A-kori-kura ce, maƙil da itace, irin busasshen nan mai kauri da ake tanada don dafa ruwan wankan jego. A sama an ɗaure ƙatuwar tukunya da buhun gero da ƙunshin kanwa. Surukata ce a gaba, ƙanwarsa na biye da ita. Matan layinmu sun leƙo, yara sun fara taya direba sauke itace suna jerawa jikin katanga.

Ta shigo da fara'arta, ta dube ni daga sama har ƙasa, idonta ya tsaya a tsakiya. Na ga fara'ar tana sauka daga fuskarta. Tsohuwar da ta yi watanni tana kewaye-kewaye, ranar nan ta ajiye kunya gefe.

"'Yar nan, ina cikin?"

Na juya na kalli mijina, yana tsaye bakin ƙofar falo da waya a hannu. Kalma ɗaya nake jira. Ya ce, "Wallahi Inna ni ma ban san inda maganar ta fito ba. Harkar mata ce, ba na shiga." Da ƙanwarsa ta tambayi kayan wasan da ta gani, ya ce ajiyar wani abokinsa ce.

Shi ke nan, komai ya dawo kaina. Surukata ba ta ɗaga murya ba, a hankali ta yi, yadda kowa zai ji. Ta ce rashin haihuwa daga Allah ne, ba ta taɓa ganin laifina ba, amma mace ta zauna tana karɓar man shanu da sannu a kan cikin ƙarya, wannan hali ne. Ta ce ta gaya wa dangi kaf, har ta sa an ware rago. Wata maƙwabciya da ta cika mini kwano da nama a wurin sunan nan ta ce dama ita tun farko tafiyata ba ta yi mata kama da ta mai ciki ba.

Surukata ta ƙi zama, ta ƙi shan ruwa. Ta ce a mayar da itacen mota, matar ƙanin mijina tana da cikin wata shida, can zai yi amfani. Yaran da suka sauke su suka sake lodawa, guda-guda, ina tsaye ina kallo. Mijina ya naɗe hannun riga ya taya su ɗora tukunyar.

Da aka gama na ji yana tambayar direban ko zai bi ta tasha, akwai saƙo biyu na abokin nan nasa da za su tafi Legas. Direba ya ce zai bi. Ya shiga ɗakin yara da sauri, can ya leƙo ya kira ni.

"Ina kika ajiye salatif?"

Na ɗauko masa. Ya ce in riƙe bakin katan ɗin da kyau kada ya lotse. Na riƙe, ya liƙe.