Baba Alu da walkin Nomau

Assalamu alaikum jama'ar Adar baki ɗaya! Na Madawa, na Buza, na Keita, masu albasa da masu raƙumma, har da ku da kunka gudu Yamai kuna cin shinkahwa kun manta hura. Ni na, Idi Giwar Bangi.

Yau ba dariya nik kawo muku ba. Da sahen ga ina shan shayi ɗan Baba Alu yab bugo min telehon. Baba Alu baduku na kasuwar Buza ya rasu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yaran yanzu ba ku san shi ba. Zamaninmu dut ɗan kokowar kirki Baba Alu ka ɗunka mai walki, wanga na hwata da aka ɗamrawa a ƙugu in za a shiga hili. Nau ma shi yaɗ ɗunka, kado, wato kyauta, wai bai iya kallon giwa da tsumma.

Ga abin da ban mantawa.

Sa'adda nasaru sunka cika Keita suna aikin duwatsu da dashen itace, akwai guda muna ce mai Mushe Gemu. Shi bai sayen takobi, bai sayen tabarma, sai walkin da anka yi kokowa da shi na gaske, a ce mai na wane na. Ni ka yi mai tahinta, don Faransancina ko su nasarun sai sun natsu suka gane shi.

Dillalai sunka gano shi. A samu sabon walki a shahe da man gujiya, a birkiɗe cikin toka, a turbuɗe ƙasa kwanaki. Haka sunka saida mai wani baƙi ƙirin, wai na Nomau na.

Nomau na Tama kau, tun muna samari ba wanda yat taɓa kai bayanai ƙasa. Ni kaina ban kama da shi ba, don ina jin tausai nai.

Sai ga shekarar da damana taƙ ƙi, rumbuna wayam. Ran kasuwar Buza Nomau yat taka da ƙahwa tun daga Tama, walkinai cikin buhu, za ya saida ma Mushe. Ba hatsi gida, ɗiya na kuka. Abin da yar rage mai ke nan.

Mushe yaw warware, yag ga bayan walkin tas awa ba a taɓa ɗamra shi ba. Yac ce non, a'a. Wai wanga sabo na, na Nomau na gaske shina cikin motatai.

Ni anka bari in hwaɗa ma Nomau haka, gaban kasuwa. Wallahi bakin ga nau da bai gajiya, rannan nauyi yay yi.

Nomau yak karɓe walkinai. Yad duƙa shina naɗe abinai. Wani dillali har da dariya.

Sai Baba Alu daga rumhwatai: "Nomau, miƙo nan. Idi, ce ma nasaranka ya ɗauko na mota."

Da anka ɗauko, Baba yas shinshina na mota yay yamutsa huska. "Man gujiya da toka. Duba dauɗa har inda ƙasa ba ta kai."

Yaj juya na Nomau. Daga ciki gishirin zuhwa hwari, kan-kan-kan. Wurin ƙulli ya lanƙwashe ta hagu, don Nomau bahago na. Gaba, inda cinya ka guga, sai ƙyalli.

Mushe yac ce to mi yas sa baya ke da tsabta?

Baba yad dube ni. "Idi, ina naka?"

"Baba, mi ya kawo nau cikin maganag ga?"

"Hiddo shi, na san shina cikin jikka."

Yas shimhiɗa su gab da gab. Bayan nau dut ya kakkarce, wuri guda har ya ɓule.

"Ga walkin mai hwaɗuwa. Ga na wanda bai taɓa ba. Hwaɗa mai da nasaranci, kak ka rage komi."

Jama'a, kasuwar Buza dut tad dare da dariya, har masu saida jakkai. Na hwaɗa mai, amma na ƙara da cewa hilin Bangi santsi gare shi. Kuma gaskiya ta, ku tambaya.

Mushe yat tuɓe hula yab ba Nomau hannu, yas sayi walkin. Da la'asar Nomau yak koma Tama bisa amalanke da buhunnan hatsi, su sunka kai gidanai damana. Baba Alu ko goro bai amsa ba.

Ganina da shi na ƙarshe bayan sallar layya na. Ido ya tahi, da murya yag gane ni. "Idi, har yanzu santsi na?" Nic ce har yanzu Baba. Yay yi dariya har tari yak kama shi. Sannan yac ce, "Ku dinga leƙa Nomau. Waɗanda sunka gan shi cikin hili sun kusa ƙarewa."

Da azahar nib buga ma Nomau. Da nih hwaɗa mai, sai yac ce, "Walki na ƙasar nasaru, Alu na ƙasa. Jikokina in na ba su labari dariya suka yi. Yanzu wa za ya shaide ni?"

Nic ce, "Ga ni, Yaya Nomau."

Yac ce, "Kai Idi, wa ka yarda da maganakka?"

Allah ya jiƙan Baba Alu, ya yahe mai, ya haskaka kabarinai, ya ba iyalinai haƙuri. Dut wanda yak karanta ya yi mai Kulhuwa.

Sannan dattawa, da ku yaran da ka riƙe ma dattawa telehon: wanda yat taɓa ganin Nomau cikin hili da idonai, ya turo min bokal, wato saƙon murya, ya hwaɗi garin da wanda anka kayas. Jibi za ni Tama, in zaunad da jikokin nan in kunna musu.