Zabibin Shekarar Fari

A unguwar Nuzla ta da, a Jidda, kafin rusau, in ka ce kana neman sobiya ko makaho zai nuna maka ƙofar Turai. Sobiya dai abin sha ne na mutanen Hijaz: a jiƙa sha'ir ko zabibi da kayan ƙamshi, a bar ta ta ɗan tashi, a tace, a zuba ƙanƙara, masu azumi su buɗe baki da ita. In Ramadan ya kama, kowane lungu na Jidda akwai mai sayar da ita, ja da fara, a ƙulle cikin leda. Ta Turai ba ja ba ce, ba kuma fara ba. Launin ruwan shayi gare ta, kuma ba ta taɓa fitowa iri ɗaya shekara biyu a jere ba. Wannan ya sa wasu suke zaginta a bayan ido, sannan la'asar na yi su aiko da jarka.

A Jidda aka haifi Turai. Kakanta ya taso daga ƙasar Zamfara da ƙafa don sauke farali, ya iso da furfura, bai koma ba. Uwarta Tani ce ta koya mata sana'ar, a wani ɗaki na ƙuryar gidansu mai kaurin bango, wanda rana ba ta taɓa leƙawa ba. Randunan ƙasa ne a jere a ciki, kuma ko a tsakiyar zafi in ka shiga sai ka ji sanyi a tafin ƙafa.

Tani ba mai surutu ba ce, amma abu ɗaya ta maimaita har Turai ta gaji da ji. Sobiya tana da iyaka. In ta fara cizon harshe ta yi, a sauke. In aka bari ta wuce nan, wani wari zai taso daga bayan zaƙin, da ɗaci-ɗaci a maƙogwaro. To ta tsallaka ke nan, ta zama giya, kuma ba abin da ya rage sai a tuntsurar da randar a kwata. "Mai azumi ba ya shinshinawa," in ji Tani, "kafa kai yake yi, don ya yarda da ke. Harshenki ne mai gadinsa." Turai ta riƙe wannan maganar da hannu biyu. Tun da ta gaji randunan ba ta taɓa miƙa wa kowa kofin da ya tsallaka ba, kuma a duniya ba ta da wani abin tinƙaho da ya wuce wannan.

Inda ta bambanta da uwarta shi ne wajen zabibi. Tani a kasuwar Balad take saye, ko na ina ne. Turai kuwa duk shekara in an gama tsinkar inabi sai ta shiga mota ta hau dutsen Ɗa'ifa, tana amai a kowace kwana, tana rantsuwa wannan ce ta ƙarshe. Can akwai wani tsohon manomi, Amm Yahya, mai gona biyu. Ɗaya a cikin kwari kusa da rijiya, inabinta manya, masu zaƙi da nauyi. Ɗayar a gefen dutse inda iska ke kaɗawa, nata ƙanana masu tsami-tsami. Turai ba ta yarda a haɗa mata su a buhu ɗaya. Na kwari daban, na dutse daban, na bana daban, na bara daban, kowanne da gwangwaninsa. In ta zo jiƙo sai ta zauna ta tauna wannan, ta tauna wancan, ta lumshe ido, sannan ta ɗebo daidai abin da harshenta ya ce. In shekara ta yi ruwa zabibin ya yi salam, sai ta tallafe shi da ajiyar baya, amma ba ta yarda ta rufe bakin shekarar gaba ɗaya. A ganinta dole mai sha ya ji irin daminar da aka yi a kan dutsen.

Mutane ba su cika gane wannan ba. Mijinta, Allah ya jiƙansa, direban tasi ne, ya koma ga Ubangijinsa yana kan bakansa cewa zabibi zabibi ne. Wani kuma zai tsaya a ƙofa ya ce, "Ya Turai, wallahi ta bara ta fi daɗi." Sai ta karɓe jarkar ta ce, "To je ka sha bara." Ba ta da sauƙin baki, gaskiya, kuma ba ta taɓa neman a ce tana da shi ba.

Akwai shekarar da ruwa ya ƙi sauka a gonakin Amm Yahya. Inabin dutse suka fito ƙanana kamar wake, zabibinsu ya yamutse, zaƙinsa har ciwon haƙori yake sawa. Turai ta tauna ɗaya, ta kwashe duk abin da ya samu. Wannan gwangwanin shi ne ta fi ji da shi. Duk shekara ɗan tafin hannu kawai take ɗiba ta gyara jiƙo. Ba a daɗe ba Amm Yahya ya rasu, 'ya'yansa suka sayar da gonakin, aka sare inabin aka gina gidajen hutu. Abin da ya rage na wannan dutse a duniya shi ne abin da ke cikin gwangwanayen Turai.

Sai korona ta zo ta kwantar da ita. Ta tashi, amma hancinta da harshenta ba su tashi tare da ita ba. Ran da ta fara ganewa, zabibin kwari ta jefa a baki, ta tauna, ta ji kamar tana tauna tsumma. Ta ɗauko na dutse, shi ma haka. Ta zauna a ƙasan ɗakin randuna ta yi kuka mai isarta, ta wanke fuska ta fito, ba ta gaya wa kowa ba. 'Yarta Manal, ita kaɗai ce Allah ya bar mata, ta lura gishiri yana yawa a miya, amma ta ɗauka tsufa ne.

Abin mamaki, sana'ar ba ta tsaya ba. Hannunta ya san awon, ɗakin kuma ya san sauran. Sanyinsa ba ya canzawa, randunan ba sa gaggawa, in ta jiƙa a lokacin da ta saba ta sauke a lokacin da ta saba, sobiya tana fitowa a kan iyaka. Ɗakin ne yake yi mata gadin da harshenta ya daina, ita kuma ta ci gaba da karɓar yabo tana kawar da kai.

Da rusau ya iso unguwarsu, mutanen lungun suka watse kamar an kori kaji. Randunan suka farfashe a bayan motar kwasar kaya. Turai ta koma wurin Manal da mijinta Nasir a unguwar Sharafiyya, a bene na can sama, inda kicin yake ƙarƙashin rufi, rana tana dukansa tun hantsi. Ta daina sobiya. In an tambaye ta sai ta ce ba wuri, kuma ba ƙarya ta yi ba, sai dai ba ita ce gaskiyar duka ba. Gwangwanin shekarar fari yana ƙarƙashin gadonta, a naɗe cikin tsohon zane.

Ana haka, da azumin bara ya kama, Kulu ta kira ta. Kulu maƙwabciyarta ce tun suna 'yan mata, ta girme ta kaɗan, kuma ita ce mutum ɗaya da Turai ba ta iya yi wa tsawa. Ta ce matan lungunsu kullum raguwa suke, wata ta rasu ba a ji ba sai bayan an yi bakwai. Tana so a tara waɗanda suka rage su sha ruwa tare ko sau ɗaya ne. "Kuma sobiyarki za mu sha," in ji ta, "ba wannan jan ruwan na leda ba. Halas, na gama magana."

Nan ya kamata Turai ta ce ba za ta iya ba. Bakinta ya buɗe, girman kai ya rufe shi. Kuma ban da girman kai akwai kewa, don ita ma tana so ta ga fuskokin nan suna shan abin hannunta. Ta sa Nasir ya sayo mata babbar roba mai murfi. Ta jawo gwangwanin, ta buɗe, ta daɗe tana kallo. Waɗannan matan su ne suka san darajarsa, in ba su ba wa za ta ajiye wa? Ta juye shi duka.

Ba wai ba ta san zafi yana gaggauta jiƙo ba. Ta sani, har ta rage lokacin da ta saba a Nuzla. Amma ƙiyasi ta yi, kuma ba ta taɓa jiƙa zabibi mai zaƙin wannan da yawa haka ba, ga roba ba ta numfashi kamar randa.

Ranar taron da la'asar ta buɗe murfin, kumfa ta taso tana shuuu. Ta ɗiga a kan harshe kamar yadda mai girki ke yi da azumi, ta tofar. Cizon ta ji shi sarai. Abin da ke bayan cizon ne ba ta da hanyar sani. Manal ta shigo da jaririnta a kafaɗa, ta tsaya ta yamutsa hanci.

"Ummi, warinta ya yi ƙarfi fa. Ni ba azumi nake ba, ina shayarwa. Bari in ɗanɗana miki shwayya, ɗan kaɗan kawai."

Tsoro ya kama Turai, sai ya fito a matsayin faɗa. "Ke za ki ɗanɗana mini? Ke da kika girma da lemon gwangwani? Haka zabibin shekarar fari yake. Yalla, kawo mini ƙanƙara."

Manal ta kawo. Ba a taɓa sa baki a jiƙon Turai kafin ta sauke ba, kuma ba a kan 'yarta za a fara ba. Ta tace, ta zuba ƙanƙara mai yawa, sanyi ya danne warin.

Matan suka zo suna haki saboda matakala, suna rungumar juna, suna lissafa waɗanda ba su zo ba. Aka shimfiɗa leda a falo, aka jera dabino da sambusa. Turai da kanta ta cika kofuna ta miƙa wa kowa a hannu. Ladan ya kira, aka ci dabino, sannan kowace ta ɗaga kofinta ta kafa kai, kamar dai yadda Tani ta faɗa. Wata ta sauke nata fanko ta ce, "Allah, Nuzla ta dawo." Wata ta miƙo a ƙara mata. Turai ta ji wani daɗi da ta manta akwai irinsa, ta ɗauki jug za ta zuba.

Kulu ce ta riƙe mata wuyan hannu. Kofinta yana gabanta, rabi ta sha.

"Turai, ajiye."

"Me ya faru, Yaya Kulu?"

Kulu ta yi ƙasa da murya, amma falon ƙarami ne. "Ta tsallaka, 'yar'uwa."

Duk bakunan da ke tauna suka tsaya. Turai ta ɗauki kofin Kulu ta kurɓa, ta juya shi a baki, ta jira. Sanyi ta ji, da cizo, sai kuma babu. Ta kalli matan nan da suka wuni da ƙishi saboda Allah, suka buɗe baki da abin da ta miƙa musu ba tare da sun shinshina ba. Sai ta miƙa wa 'yarta kofin.

"Manal, shinshina ki gaya mini. Ni ba na ji. Tun korona ba na jin komai."

Manal ta kai hanci, ta sauke kofin, idonta ya cika. Ta gyaɗa kai.

Matan sun yi mata kirki, wannan kam ba za a hana su ba. Suka ce Allah ba ya kama bawa da abin da bai sani ba, suka ce kurɓi ne kawai, suka ce ta daina kuka alhali ba kukan take ba. Amma ɗaya daga cikinsu ta tashi a hankali ta shiga banɗaki, kuma kowa yana jin ta tana kurkure baki tana tofarwa, ta sake, ta sake. Turai ta saurari wannan har ƙarshe.

Ba ta bari kowa ya taya ta ba. Ta ja robar da kanta har bakin magudana, ta karkata ta. Ruwan ya tafi yana kumfa, launin shayi, da zabibin dutse na shekarar da ruwa bai sauka ba. Ta ɗauraye robar, ta ɗauraye gwangwanin, ta kifa su, sannan ta yi alwala ta yi magariba.

Tana nan da ranta a Sharafiyya. Ta rage faɗa, wanda duk wanda ya san ta zai gaya maka ba alamar lafiya ba ce. Bana da azumi ya zo, Nasir ya riƙa tsayawa a hanya yana sayo sobiyar leda, ja ɗin nan da ta yi shekaru tana zagi. Ranar farko Manal ta so ta ɓoye ledar, Turai ta ce a zuba mata. Ta shanye kofin duka. Nasir, don ya ɗan sa ta dariya, ya tambaye ta ya ta ji.

"Da sanyi," in ji ta.