Je Ki Kwana Da Shi: Jinjina Ga Inna Rakiya

Bakwai saura kwata, kafin a tada injinan saƙar buhu a wata masana'anta da ke Sharaɗa, Inna Rakiya ta riga ta jera sababbin ma'aikata a fili. "Tankaɗe!" sai hannuwa su hau karkaɗawa. "Tuƙin tuwo!" sai kafaɗu su juya. "Matsar wanki!" Direbobin tirela suna leƙe suna dariya, har sun raɗa wa abin suna rawar Inna. Ita ko a jikinta. Ta ce sai jini ya zagaya yatsa yake ɗaukar karatu. Shekara ashirin da bakwai ke nan tana haka, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Abin da take koyarwa ƙarami ne a ido: ƙulla zaren da ya tsinke nan take, kafin saƙa ta ɓaci. Amma wanda bai iya ba cikin sati biyu, sallama ce.

Ku tambayi Maimuna, wadda ta zo daga Ringim da marayu biyu. Ana gobe gwajinta, zare yana ta kufce mata. Inna ta dube ta, ta zare guntun zaren da Maimuna ta ɓoye a bakin zani.

"Inna, don Allah ku bar min, gobe ne fa!"

"Ji idonki jajir. Yaushe rabonki da barcin kirki?"

"Kwana uku. Gwadawa nake yi."

"To kin biya wa hannun karatu, bar shi ya yi tilawa. Je ki kwana da shi."

Washegari aka yi rawar Inna, manaja ya riƙe agogo. Zare ya tsinke, Maimuna ta ƙulle, ya sake, ta sake. Ta tsaya tana kallon yatsunta, hawaye na zuba.

"Wallahi ba ni ba ce!"

"To wa? Aljanin Ringim?"

Inna, ke ce uwar yatsu. Ke ce kika gane gajiya a inda wasu suka ga daƙiƙanci, kika tsare wa mata abincinsu da abu biyun da kowa ya raina: motsa jiki da barci. Mun gode, Allah Ya saka miki da Aljanna.

Masu koyar da sana'a, daga Bompai har Chalawa, ku yi koyi: ku ɗumama hannun almajirin aiki, in ya cije ku tura shi ya kwanta.

Direbobi kuma kada su yi murna. Ran ɗaya ga wata, bakwai saura kwata, Maimuna ce za ta ɗaga murya ta ce, "Tankaɗe!"